Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga 'yan kwamitin kasafin kuɗi na majalisun jihohinmu: kuɗin bara me ya haifar?

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe shugabanni da mambobin kwamitin kasafin kuɗi na majalisun dokokin Kano, Kaduna, Katsina, Jigawa, Sakkwato, Kebbi da Zamfara.

Ni tsohon ma'aikacin gwamnatin jiha ne, ba zan faɗi wacce jiha ba, don abin da zan faɗa ba na jiha ɗaya ba ne kuma ba na so a ce da wane nake. Na yi shekaru a sashen tsare-tsare da ƙididdiga na wata ma'aikata, irin ofishin nan na ƙarshen baranda da ba a tunawa da shi sai lokacin bajet ya zo, ko in Turawa masu ba da tallafi za su kawo ziyara ana neman wanda zai haɗa takarda cikin dare. Na sha riƙo wa famanan sakatare fayil mu shigo gabanku kare kasafi, ina kujerar baya, in an tambayi lamba in miƙo takarda ta ƙarƙashin tebur. Yanzu na ajiye aiki ba mai ba ni takardar tuhuma, shi ya sa na ce bari in faɗa muku yadda abin yake daga ɓangaren da ba ku gani.

Ga yadda muke haɗa bajet, wallahi ba ƙari. Wajen watan takwas ko tara sakula za ta zo daga ma'aikatar kasafi, a ce ga silin ɗinku kada ku wuce kaza. Sai mu buɗe kwamfuta mu ɗauko na bara, mu canza shekarar da ke sama, inda aka sa gyaran ofis mu ƙara ɗan wani abu, inda aka sa sayen mota mu bar shi tunda bara ba a saya ba, aikin da aka fara shekara biyar da suka wuce mu rubuta masa "ana ci gaba", sai oga ya kira ya ce akwai abu biyu da aka ce daga sama a saka, mu matse wani waje mu saka. Kwana uku an gama. Akwai shekarar da muka manta ba mu canza shekarar ba a wani shafi, haka ya wuce ma'aikatar kasafi, ya wuce majalisar zartarwa, ya wuce gaban irinku, ba wanda ya lura sai wani yaro ɗan bautar ƙasa da aka ba shi ya yi fotokwafi.

Kuma fa a lokacin muna da kundin tsari. Muna da shi mai kyau ma, bango mai sheƙi da hoton mai girma gwamna a shafin farko. An kwashe mu an kai mu otal a wani gari mun kwana biyar, ga kwansoltan ga firojekta ga shayi da rana ga alawus, muka zauna muka rubuta cewa nan da shekara uku muna so kaza ya ragu kaza ya ƙaru, har da ma'aunin da za a gane ko an kai. Ba na raina aikin, mutanen da suka koya mana sun san abin da suke yi. Amma da muka dawo sai kundin ya shiga kabad, bajet kuma ya ci gaba da fitowa daga na bara. Hanyar jirgi daban ta mota daban. In baƙi sun zo a karkaɗe ƙura a nuna musu.

To sai ranar kare kasafi. Kun fi ni sanin tambayoyin: nawa aka ware muku bara, nawa aka sakar muku, nawa kuka kashe. Sai wani Honarabul ya ɗaga hannu ya ce shi bai ga aiki ko ɗaya a mazaɓarsa ba, kwamishina ya ce za a duba, a yi dariya, a ce mu rusuna mu tafi. A duk shekarun da na yi ina zuwa, ban taɓa jin wanda ya ce to wannan kuɗin da kuka ce kun kashe, me ya canza a rayuwar mutane ba. In muka ce mun aiwatar da kashi 80 cikin ɗari sai a yaba mana, alhali ma'anar maganar kawai ita ce kuɗi ya fita daga asusu. Ko ɓarawo ma in ya kwashe duka ai ya aiwatar da ɗari bisa ɗari.

Bari in ba ku misali da abin da na gani da idona. A ƙauyen su mai ɗakina akwai ƙaramin asibiti, sau biyu ana gyara shi a sanina, an canza rufi an yi fenti an kafa allo mai ɗauke da sunan aikin da na ɗan kwangila. Ƙanwarta naƙuda ta kama ta da daddare aka kai ta can, ƙofa a rufe da kwaɗo, mai gadi ya ce ma'aikaciyar ɗaya ce kuma ba a garin take kwana ba, ƙarfe biyu na rana take tashi. Haka aka nemo a-kori-kura aka shimfiɗa katifa a baya aka kama hanyar babban asibiti a kan titin da duk ramuka ne. Allah ya yi da sauran kwana, ita da jaririyar suna nan lafiya. Amma abin da ya tsaya min a rai shi ne na san yadda wannan asibiti yake a takarda, don irin takardar nake cikawa: an ware, an saki, an kammala, ɗari bisa ɗari. Babu gurbi ko ɗaya a fom ɗin da ke tambayar mata nawa suka haihu a ciki, ko akwai ungozoma da dare.

Abin da ake kira kasafi bisa sakamako ba wani abu ba ne mai wuyar fahimta, masu wokshop ne suke lulluɓe shi da Turanci. Manomi ma yana yi. Ya san buhun taki nawa ya zuba a gonar fadama, ya san buhu nawa ya kwasa, in gonar tudu ta ci taki shekara biyu ba ta ba da komai ba ba zai sake zuba mata ido rufe ba sai ya gano dalili. Shi kenan fa. Jiha ta zauna ta ce ga abubuwa huɗu ko biyar da muka sa gaba, kowace ma'aikata ta ce nawa rabon a ciki shi ne kaza, ga inda muke yau ga inda za mu kai baɗi, ga kuɗin da zai kai mu, shekara ta zagayo a zo a auna kafin a sake ba da wani.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Tun zamanin Obasanjo aka zo da NEEDS, kundin tsarin bunƙasa tattalin arzikin ƙasa, a 2004 aka ce jihohi su yi nasu mai suna SEEDS. A 2007 tarayya ta yi dokar kula da kashe kuɗi wadda ta kawo tsarin hasashen shekara uku, jihohi suka bi da nasu dokokin. Shirin SPARC na Birtaniya ya yi shekaru a Kano da Kaduna da Jigawa yana koya wa ma'aikatu rubuta tsarin matsakaicin zango na kowane fanni. Jigawa tana da babban kundin tsarin ci gabanta tun zamanin Sule Lamido, Kaduna ta yi nata na 2016 zuwa 2020 ta sake na 2021 zuwa 2025, har ta fito da manhajar da talaka zai ɗauki hoton aikin gwamnati ya tura rahoto. Wato takarda ba ita muka rasa ba, mun ma yi mata yawa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne gwamnoninmu da kansu sun ɗanɗana wannan tsari kuma ya yi aiki a kansu. A 2018 Bankin Duniya ya zo da shirin SFTAS, dala miliyan 750, daga baya lokacin korona aka ƙara wata 750. Sharaɗin kuwa ba a ba ka ko sisi sai ka yi abu an gani: ka wallafa bajet ɗinka a intanet kan lokaci, ka fitar da rahoton odita, ka riƙa fitar da rahoton aiwatarwa duk wata uku, ka haɗa albashi da BVN don a kori ma'aikatan bogi, ka tattara kuɗin gwamnati a asusu ɗaya, sannan ofishin Odita Janar na tarayya ya zo ya tantance kafin a biya. Ranku ya daɗe, abin da aka yi shekara da shekaru ana roƙo ba a yi ba, cikin ɗan lokaci aka yi shi. Ni shaida ne, mun kwana a ofis saboda kada wa'adin loda takarda ya wuce jiha ta rasa daloli. To in gwamna ya yarda a auna shi kafin a ba shi kuɗin Bankin Duniya, me zai hana ku auna kwamishinansa kafin ku ba shi kuɗin talakawa? Ko sai mai dala ne yake da ikon tambaya?

Amma kada in yi rashin adalci ga tsofaffin abokan aikina, don akwai ɗaya ɓangaren kuma shi ne ya fi ciwo. Ba za ka tuhumi darakta kan sakamako ba alhali kuɗin da ka rubuta masa a Janairu bai gan shi ba sai Nuwamba, ko ma bai gan shi ba sam. Mun sha rubuta memo a nemi sakin kuɗin taki ko na maganin zazzaɓin damina tun kafin ruwa ya sauka, fayil ya tafi gidan gwamnati ya kwanta, ya fito bayan an yi girbi, a ce an amince, sai kuma a koma layin Akanta Janar ana jiran a ce akwai kuɗi. Dalilin kuma kun san shi. Ana kumbura ɓangaren kuɗin shiga ne don a sanar da babban adadi a rediyo, a sa harajin da ba a taɓa tara rabinsa ba, a sa rance da tallafin da ko takardar yarjejeniya ba a sa wa hannu ba, don dai lissafi ya daidaita a takarda. Shekara ta fara, albashi dole, biyan bashi dole, abin da ya rage bai isa ayyukan da aka lissafa ba, sai ya zama wanda ya fi kusa da kunnen mai girma shi ake sakar wa. A nan ne bajet ɗin da kuka zauna kuka amince da shi yake mutuwa, na gaskiyar yana cikin fayil ɗin da ake shiga da shi ofishin gwamna da yamma. Shi ya sa nake roƙonku kafin ku taɓa ɓangaren kashewa ku fara zama a kan ɓangaren samu, ku ce a kawo abin da ya shigo a zahiri shekara uku da suka wuce a ɗora hasashen a kai. Gara ƙaramin bajet da za a iya biya da ƙaton da rabinsa mafarki ne, ko da kuwa jihar maƙwabta ta sanar da wanda ya fi namu.

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 aka kuma saki naira, kason da jihohi ke karɓowa daga Abuja ya ƙaru sosai, ba wanda ke musun wannan. Amma a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, siminti da rodi da dizal duk sun tashi, ga mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000. Saboda haka in kwamishina ya zo yana murna an ninka masa kaso, ku tambaye shi aji nawa wannan kuɗin zai gina yanzu in an kwatanta da da. Yawan sifili a takarda ba ya nuna komai.

Haka ma wannan tseren na kaso cikin ɗari. Kowa na ambaton kashi 15 na lafiya da shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja a 2001, da kashi 26 na ilimi da ake ta jingina wa UNESCO. Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024 ta ware wa fannin kusan kashi 30, kuma ni ina ganin abin a yaba ne, ba zan ɓoye ba. Sai dai warewa mataki ne na farko kawai. Tambaya ta biyu nawa aka saki, ta uku kuma wadda ba a yi, yaron aji huɗu a makarantar gwamnati yana iya karanta layi biyu na Hausa ya faɗi abin da ya karanta? Don ana iya cinye kason nan kaf a gini da katanga da kujeru, abubuwan da ake yanke musu kyalle a ɗauki hoto, malami kuwa babu, ko yana nan shi ɗaya da yara fiye da ɗari a aji. Gini yana da ɗan kwangila mai bibiyar fayil ɗinsa har gida, karatun yaro ba shi da kowa. Ga kuma kuɗin UBEC, hukumar ilimin matakin farko ta tarayya, wanda dokar 2004 ta ce a ware kashi 2 na kuɗin shigar tarayya, jiha ta kawo nata rabin ta ɗauki rabi, amma a sha jin kuɗin jihohi na kwance a Abuja saboda ba a kai kason jiha ba. Wannan ai ko tsarin kirki ba ya buƙata, lissafin 'yar talla ma ya isa.

Wani gargaɗi kuma daga wanda ya san yadda ake dafa lamba. In kuka ce daga yau duk wanda lambarsa ba ta yi kyau ba za a yanke masa kuɗi ko a cire shi, wallahi lambobi za su yi kyau cikin wata ɗaya. Hedimasta zai cika rajista da sunayen yaran da suke gona, mai asibiti zai rubuta allurar da ba a yi ba, mu kuma a hedikwata mu tattara mu yi jadawali mai launi. Na ga an yi. Asibitin da ba ya aiki sau da yawa ba yanke masa kuɗi ya kamata a yi ba, ma'aikaciya ta biyu yake buƙata da ɗakin kwana da sola. Amfanin awo shi ne a gano inda ke ciwo. Kuma wanda ya yi aikin kada ya zama shi ne mai auna kansa, a ba hukumar ƙididdiga ta jiha da ofishin odita kuɗin mai da mota su fita su gani, don a yanzu su ne marayun bajet, ofishin da ya kamata ya zagaya ƙananan hukumomi ba shi da ko babur mai lafiya. Ku tuna fa rabon ƙasar nan da ƙidayar jama'a tun 2006, duk wani "yara kaza ne ba sa zuwa makaranta a ƙaramar hukuma kaza" hasashe ne a kan hasashe, in jiha ba ta riƙe ƙidayar makarantu ta shekara-shekara da bayanan asibitoci da gaske ba, a duhu ake harbi.

Yanzu in zo kanku, ku yi haƙuri. Ayyukan mazaɓu da ake cusawa a daren ƙarshe suna cikin abin da ke wargaza tsari. Na fahimci matsin da kuke ciki, mutanenku ba sa tambayar ku doka nawa kuka yi, rijiyar burtsatse suke tambaya. Amma in ma'aikatar ruwa ta tsara ƙauyuka ashirin da suka fi shan wahala, aka zo aka cire goma aka maye da unguwannin da ke da masu faɗa a ji, to kada baɗi a tuhume ta. In dole sai an saka, a saka daga cikin jerin da ke kundin tsari, kuma a sa kuɗin gyara da wanda zai kula, don burtsatsen da suka mutu a jihohinmu in aka jera su sai an yi kuka. Sannan tsarin mulki ya ba ku abin da ba ku cika amfani da shi ba. Sashe na 121 ya ce a gabanku gwamna zai ajiye kasafi, na 125 ya ce Odita Janar na jiha ku zai kawo wa rahotonsa, na 128 ya ba ku ikon bincike. Rahoton odita nawa kwamitin asusun jama'a ya zauna a kai har aka ji sakamako? Ni dai na san waɗanda aka kawo aka jibge a kusurwa har gara ta fara.

Wani lokaci in na bi hanyar Kura zuwa Kadawa na ga tumatir da shinkafa a tsakiyar rani sai in tuna ruwan Tiga ne, dam ɗin da aka gina zamanin Audu Bako, shekara hamsin ke nan mutane na ci. Ba kwamfuta a lokacin ba kwansoltan mai firojekta, amma an san abin da ake so a samu kafin a fara haƙa.

Abin da nake nema a wajenku a zaman bana bai kai girman dam ba. Kafin kowace ma'aikata ta shigo kare kasafi, ku ce ta aiko da shafi ɗaya tak, ba littafi ba, don in kuka ce littafi za mu kawo muku mai shafi ɗari biyu da ba mai karantawa. A shafin a rubuta abu uku da ta yi alƙawari bara, abin da aka sakar mata da watan da aka saka, da abin da aka samu a ƙasa, mata nawa suka haihu a hannun ma'aikaciya, famfo nawa ke kawo ruwa yau ba nawa aka haƙa ba, manomi nawa taki ya isa hannunsa kafin shuka. Wanda bai kawo ba a ɗage zamansa. A tsakiyar shekara ku sake kiran su tare da Akanta Janar a zaune a wajen, don kada wannan ya ce ba a ba shi ba wancan ya ce ya bayar. Shafin nan kuma a fassara shi da Hausa a karanta a rediyo, a manna a sakatariyar ƙaramar hukuma, mai unguwa da 'yan kwamitin makaranta su ji abin da aka ce an yi musu, su ne za su fara gaya muku in ƙarya ce.

Ni kuma in Allah ya kai mu ranar jin ra'ayin jama'a kan kasafin baɗi zan zo, zan zauna a kujerar bayan da na saba, da hoton asibitin ƙauyen su mai ɗakina a waya, fenti sabo kwaɗo a ƙofa. In shugaban kwamiti ya ba ni minti biyu zan nuna muku, in bai ba ni ba zan jira ku a bakin ƙofa.

Wassalam. Naku, tsohon jami'in tsare-tsare mai jiran fansho.